Gadon jini, gadon hali da gadon suna: amsoshi ga tambayoyin da ba sa ƙarewa

Shekaru da yawa ke nan ina amsa tambayoyi a kan abin da 'ya'ya ke gada daga iyaye da kakanni, kuma abin da ya fi gajiyar da ni shi ne masu tambayar suna canzawa, tambayoyin kuwa suna nan yadda suke. Saboda haka na tattara waɗanda aka fi maimaitawa a wuri ɗaya. Duk wanda ya sake kawo mini ɗaya daga cikinsu, nan zan turo shi ya karanta da kansa.

Tambaya: Shin hali gado ne?

Amsa: Wani ɓangarensa gado ne, wani ɓangaren kuma koyo ne. Binciken da Thomas Bouchard ya fara a Jami'ar Minnesota ta Amurka a 1979, a kan tagwaye masu kama ɗaya waɗanda aka raba tun suna jarirai, ya nuna cewa sukan girma da kamannin hali mai ban mamaki, alhali ba gida ɗaya ya rene su ba. Daga irin waɗannan bincike ne masana suka ƙiyasta cewa kusan rabin bambancin hali da ke tsakanin mutane yana da alaƙa da ƙwayoyin halitta. Sauran rabin ba daga jini ya zo ba, don haka kada wani ya zagi matarsa da safe ya zo mini da yamma yana cewa haka aka haife shi.

Tambaya: Wa yaro ya fi gada, uwa ko uba?

Amsa: Rabi da rabi ne. Ɗan Adam yana da kuromosom 46, wato zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin halitta, a cikin ƙwayar jikinsa, 23 daga uwa, 23 daga uba. Akwai ƙarin abu biyu kawai: ɗan abin da ke cikin mitokondiriya, wato sashen da ke samar wa ƙwayar jiki ƙarfi, daga uwa kaɗai yake zuwa, kuromosom Y kuma daga uba yake sauka zuwa ga ɗa namiji. Wannan na biyun yana nufin ƙwayar uba ce ke fayyace ko za a haifi namiji ko mace. Masu tsangwamar mace don ta jera 'ya'ya mata su karanta wannan jimlar sau biyu. Haka nan masu cewa yaron kirki na ubansa ne, lalatacce kuma na uwarsa ne, lissafin bai ba su gaskiya ba.

Tambaya: Mu biyu muna ɗauke da ƙwayar sikila, kuma ɗanmu na fari ya zo da cutar. Tunda ɗaya cikin huɗu aka ce, ukun da za su biyo baya sun tsira ke nan?

Amsa: A'a, ba su tsira ba, kuma wannan kuskuren fahimta ya jefa gidaje da yawa cikin wahala. Idan uwa da uba duka AS ne, wato suna ɗauke da ƙwayar amma ba su da cutar, kowane ciki da kansa yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zama SS mai cutar, biyu cikin huɗu ya zama AS, ɗaya cikin huɗu ya zama AA wanda ba ya ɗauke da ƙwayar. Sabon ciki bai san abin da ya faru da na baya ba. Ana iya haifar huɗu duka lafiya, ana kuma iya haifar uku a jere masu cutar. Ku koma wurin likita ku zauna da shi kafin ku yanke wata shawara.

Tambaya: Ɗana bai yi kama da ni ba, kakansa ya ɗauko sak. Yaya aka yi ya tsallake ni?

Amsa: Bai tsallake ka ba, ta jikinka abin ya bi, sai dai bai bayyana a kanka ba. Gregor Mendel ya bayyana wannan tun 1866 da gwajin da ya yi a kan wani nau'in wake, inda siffa takan ɓace a tsiron farko sannan ta dawo a kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsiron da ya biyo baya. Jika yana ɗauke da kimanin kashi 25 cikin ɗari na ƙwayoyin halittar kowane kakansa. Ka daina zargin kowa.

Tambaya: Mu 'yan babban gida ne, kakanmu na can sama shahararre ne. Ai jininsa yana gudana a jikinmu, ko ba haka ba?

Amsa: Bari mu yi lissafi. Kana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, kuma idan ka hau hawa goma za ka tarar da gurbin mutum 1,024, idan ka kai hawa ashirin kuwa adadin ya wuce miliyan ɗaya. Kai ka zaɓi mutum ɗaya daga cikin dubu kana kiran sunansa, ka manta da sauran, waɗanda a cikinsu akwai talaka da bawa da matsoraci da wanda ba a so a tuna. A hawa na goma, da yawa daga cikin kakannin nan ba su bar maka ko ɗigon ƙwayar halitta ba, domin a kowane hawa rabi ne ke wucewa. Masu son killace jini don kada ya gauraya su dubi gidan sarautar Habsburg na Sifaniya, waɗanda suka yi ta aure a tsakaninsu har Sarki Philip na Huɗu ya auri 'yar 'yar'uwarsa. Ɗansu Charles na Biyu ya rayu cikin rashin lafiya, ya mutu a 1700 ba tare da magaji ba, sarautar gidan a ƙasar ta ƙare a kansa. Abin da ka gada daga shahararren kakanka suna ne da labari, kuma ba na raina su, amma ka kira su da sunansu.

Tambaya: To ai an ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Me ya sa ake samun gidan malamai, gidan likitoci, gidan mawaƙa?

Amsa: An kuma ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, kuma masu karin maganar ba su yi ƙarya a ko ɗaya ba. Misalin da aka fi kawo mini shi ne gidan Curie. Marie Curie ta karɓi kyautar Nobel a 1903 tare da mijinta Pierre, ta sake karɓa ita kaɗai a 1911, sannan 'yarta Irène ta karɓa a 1935 tare da nata mijin. Sai a ce mini ga jini nan ya yi aiki. Abin da ba a faɗa shi ne Irène ta tashi a gidan da ake hirar kimiyya dare da rana, abokan aikin mahaifiyarta ne suka koyar da ita tana ƙarama, kuma tun ba ta kai shekara ashirin ba take taya uwar aikin na'urar ɗaukar hoton ƙashi ga sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ƙanwarta Ève, uwa ɗaya uba ɗaya, kiɗan fiyano da rubutu da aikin jarida ta bi. Ɗan likita yana gadon wani abu na basira, wannan gaskiya ne, amma yana kuma gadon littattafan da ke ɗaki, da sanin ƙofar da ake ƙwanƙwasawa, da rashin jin tsoron fannin, domin ya ga ubansa yana yi kamar wasa.

Akwai kuma abin da Francis Galton ya lura da shi a 1886 game da tsawo: 'ya'yan dogaye sosai sukan yi tsawo, amma yawanci ba sa kai iyayensu, sukan matso kusa da matsakaici. Haka abin yake a baiwa da yawa. Uban da ya yi fice ƙwarai ya sa ran ɗansa zai fi shi kusa da sauran mutane, kuma wannan ba gazawar yaron ba ce. Ku bar yaran nan su sarara.

Tambaya: Na taso a gidan da tsawa da duka suka zama ruwan dare. Yanzu na haihu, kuma idan na fusata ina jin muryar mahaifina ce ke fita daga bakina. Zan iya kauce wa wannan gadon? Kuma ya dace in ci gaba da kai yarana wurinsa?

Amsa: Wannan ce kaɗai tambayar da ba na gajiya da ita, kuma ba ni da gajeriyar amsa a kanta. Da farko ka kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. A 1987 Joan Kaufman da Edward Zigler na Jami'ar Yale sun bi diddigin binciken da aka yi kafin su, suka ƙiyasta cewa kimanin kashi 30 cikin ɗari na waɗanda aka ci zarafinsu suna yara ne ke cin zarafin nasu 'ya'yan. Adadin ya zarce na sauran jama'a nesa ba kusa ba, don haka tsoronka yana da tushe, amma ka dubi ɗaya gefen: kusan bakwai cikin goma ba su maimaita ba. Kuma a iya abin da na gani, wanda ya ji muryar ubansa a bakinsa har ya tsorata ya fi wanda ke cewa "ai mu ma haka aka yi mana, ga mu nan lafiya" kusa da tsira.

Yadda abin ke wucewa ba ɓoyayye ba ne. Albert Bandura ya nuna a 1961 cewa yaran da suka ga babba yana dukan wata 'yar tsana sun shiga ɗakin sun dake ta yadda ya yi, ba tare da kowa ya umarce su ba. Na taɓa zama ina kallon wata yarinya 'yar shekara huɗu tana wasa da tata 'yar tsanar. Ta zaunar da ita, ta ɗaga ɗan yatsa, ta yi shiru tana harararta, ta ja dogon numfashi, sannan ta ce, "Sau nawa zan gaya miki?" Har jan numfashin nan na uwarta ne. Uwar tana gefe, sai ta sa hannu ta rufe baki. Ba wanda ya zaunar da yarinyar ya koya mata, kamar yadda ba wanda ya zaunar da kai ya koya maka muryar mahaifinka.

Abin da nake ba da shawara, kuma ban ce zai ishi kowa ba, shi ne ka fara lura da lokacin da muryar ke zuwa. Yawanci ba laifin yaron ne ke kiran ta ba, gajiya ce, ko matsin kuɗi, ko kunyar da yaron ya ba ka a gaban mutane. Ka yi yarjejeniya da matarka tun ana cikin sanyin rai cewa idan ta ga ka fara hawa, ta janye yaron, kai kuma ka bar ɗakin, kuma kada ka ɗauki hakan a matsayin raini. Ka tanadi abin da za ka yi maimakon duka, domin wanda ya ce zai daina kawai ba tare da ya shirya madadi ba, hannunsa zai koma ga abin da ya sani. Ranar da ka kasa, kuma za ka kasa wata rana, ka koma wurin yaron bayan ka huce ka ce masa abin da ya yi laifi ne amma yadda ka yi masa bai dace ba. Wataƙila mahaifinka bai taɓa yi maka haka ba, kuma a nan ne gidanka zai fara bambanta da nasa. Sai dai in ja kunnenka: na ga waɗanda tsoron zama kamar iyayensu ya sa suka saki yara gaba ɗaya, ba hani ba tsawatarwa, har yaran suka sangarce. Wannan ma cutarwa ce. Idan kuma akwai shaye-shaye a lamarin, ko ciwon damuwa, ko ka taɓa ji wa yaro rauni, shawarata ba ta kai nan ba, ka nemi likita ko ƙwararren mai ba da shawara a kan lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kada ka jinkirta.

Batun kai su wurin kakansu kuwa ya danganta, kuma ni ban zauna a gidanku ba. Akwai iyaye masu zafi da yawa da tsufa ke sanyaya su har ka ga mutumin da ya hana ka sakat yana rarrafe a ƙasa da jikansa, akwai kuma waɗanda ba sa canzawa. Idan abin da ya yi maka ya kai ga raunata jiki, ko ya shafi lalata, babu wata muhawara: ba a barin yaro da shi shi kaɗai ko na minti ɗaya, ko wane ne zai yi fushi. Idan kuwa faɗa ne da zafin rai, ina ganin yanke zumunci ya yi tsauri, kuma yana iya hana yaran wani alheri. Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawayi har suka kai shekara arba'in, ta gano cewa kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka taso cikin mawuyacin hali sun zama mutanen kirki masu natsuwa, kuma abin da ya yawaita a tarihinsu shi ne samun babba aƙalla ɗaya da suka jingina da shi, sau da yawa kaka ko inna ko malami. Saboda haka kaka nagari dukiya ce, amma sai ka tabbatar nagarin ne. Ka riƙa zuwa tare da su, ziyarar ta zama gajeriya da farko, kada su kwana sai ka ga yadda yake da su da idonka. Ka faɗa masa cikin ladabi, "Baba, idan sun yi laifi a gaya mini, ni zan hore su." Mai yiwuwa ya ji haushi, mai yiwuwa kuma ya yi shiru don ya gane abin da kake nufi. Ka lura da yaran bayan kun dawo, ko suna ɗokin komawa ko suna maƙalewa a jikinka idan an ambaci gidan. Kuma duk abin da ke ranka, kada ka zagi mahaifinka a gabansu, domin suna koyon yadda ake magana a kan uba, kuma kai ne uban da za su gwada a kansa.

Tambaya: Gaskiya ne dukiya da martabar gida ba sa wuce jikoki?

Amsa: Ibn Khaldun ya riga ku wannan tambayar da fiye da shekara ɗari shida. A cikin Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, ya ce ɗaukakar gida a mafi yawan lokaci hawa huɗu take yi. Na farko shi ne ya gina, ya san abin da ginin ya ci masa. Ɗansa ya zauna da shi ya koya daga bakinsa, amma wanda ya ji bai kai wanda ya yi ba. Jika kwaikwayo kawai yake yi, yana bin abin da ya tarar ba tare da sanin dalili ba. Tattaɓa-kunne kuwa yana zaton girman haƙƙinsa ne saboda nasaba, sai ya raina mutanen da suka ɗaga gidan, su kuma su juya masa baya su koma ga wani. Ban taɓa karanta bayanin da ya fi wannan dacewa da abin da nake gani ba.

Amma kada talaka ya yi saurin murna. Wasu masana tattalin arziki biyu na Babban Bankin Italiya, Guglielmo Barone da Sauro Mocetti, sun kwatanta takardun harajin birnin Fulorans na 1427 da na 2011, suka tarar cewa masu ɗauke da sunayen gidajen da suka fi samu a wancan zamanin har yanzu sun fi rinjaye a sama, bayan kusan shekara 600. Maganganun biyu ba su ci karo ba. Reshe ɗaya na gida yana iya faɗuwa a hannun tattaɓa-kunne kamar yadda Ibn Khaldun ya faɗa, amma dangi a dunƙule suna riƙe da ilimi, da sanayya, da auratayya da masu hali, da sana'o'i irin su aikin lauya da na banki, waɗanda ba sa ƙarewa ranar da aka raba gado. Kuɗi shi ne ya fi saurin gudu a cikin duk abin da ake bari.

Tambaya: Na ji an ce wahalar da iyaye suka sha tana shiga jinin 'ya'ya. Haka ne?

Amsa: Akwai ƙamshin gaskiya, amma an cika ƙara gishiri. A lokacin yunwar da ta auka wa yammacin Holan a hunturun 1944 zuwa 1945, jariran da ke ciki sun girma da ƙarin haɗarin ƙiba da ciwon sukari da ciwon zuciya, kuma bayan kusan shekara sittin an ga bambanci a alamomin da ke kunna ƙwayoyin halittarsu ko kashe su. Wannan tasiri ne a kan ɗan da ke ciki lokacin da uwar ke cikin yunwa. Masu cewa baƙin cikin kakan kakanka yana rubuce a jininka sun wuce inda hujja ta tsaya. Darasin da ke ciki mai sauƙi ne, a ciyar da mai ciki da kyau.

Tambaya: Allah bai ba ni haihuwa ba. Ke nan babu abin da zai wuce daga gare ni?

Amsa: Ki koma ki karanta abin da na faɗa a kan yaran Kauai, 'yar'uwa. Babban da ya tsamo yaro sau da yawa ba shi ya haife shi ba. Ɗan riƙo, da ɗalibi, da yaron maƙwabta da ke samun natsuwa a ɗakinki, duk suna ɗaukar yadda kike magana da yadda kike haƙuri, kuma za su kai wa nasu 'ya'yan ko da ba su ambaci sunanki ba.

Tambaya: Muna zaune a wata ƙasa, yaranmu suna jin harshenmu amma ba sa mayarwa. Zai dawo musu idan sun girma?

Amsa: Ba ya dawowa da kansa. Abin da masana harshe suka daɗe suna gani a tsakanin baƙi shi ne iyaye suna magana da harshen gida, 'ya'ya suna haɗa biyu, jikoki kuma sun rasa shi. Idan kuna so ya tsaya, ku yi shi a gida kullum, ku kuma nemi su amsa da shi.

Tambaya: Yaushe ya kamata in fara tattara tarihin danginmu?

Amsa: Tun jiya ya kamata, kuma ina mamakin masu jira sai an yi rasuwa sannan su fara tambayar wa ya haifi wa. Ka je wurin wanda ya fi kowa tsufa a danginku, ka nemi izininsa, ka kunna na'urar naɗar murya ta wayarka. Kada ka ce masa ya ba ka tarihi, domin zai ba ka wanda aka goge aka gyara. Ka tambaye shi sunan uwar kakarsa, da sana'ar da aka bari da dalilin barin ta, da ciwon da ya fi kashe mutanen gidan, da wanda aka daina ambatar sunansa. Ka tambayi tsofaffin mata daban, domin yawanci sunayen ɓangaren uwa ne ke fara ɓacewa. Hotunan da ke cikin akwati kuma ka fito da su ka rubuta sunan kowa a bayansu da fensir, tun mai gane fuskokin yana nan.